Cibiya a Gwangwanin Man Zafi

Leeds, asubahin Juma'a

Muna idar da sallar asuba muka fara jan akwatuna zuwa bakin ƙofa, a hankali kamar marasa gaskiya, don kada Baturen da ke ƙasanmu ya sake buga mana rufi da sandarsa. Ni da autata Nabila mun cinye dogon hutun makaranta gaba ɗaya a garin Leeds na Ingila, wurin 'yata ta fari. Ba na kama sunanta. Anti ƙannenta ke ce mata, ni ma na bi bakinsu. Mijinta likita ne a can.

Hutu aka ce mun tafi, amma duk wanda ya ga malamar makaranta ta bar gidanta da mijinta wata biyu ya san ba kallon gari ya kai ta ba. Anti ce ta haihu, ɗa namiji, aka mayar masa da sunan mahaifinta. To, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka kai ni gidan mai shi, ba a kan jariri zan fara ba. Abba ake kiransa, ni kuwa angona nake ce masa, ango mai kwana yana ihu.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai tun ranar haihuwar. Da na tambayi mabiyiya, sai surukina ya sunkuyar da kai ya ce ai asibiti ne ke ji da ita, sai wanda ya nema tun da wuri ake ba, su kuma ba su nema ba. Na yi shiru saboda surukuta, amma abin ya yi mini ciwo. Ko da an ba mu ma, ina za mu kai ta? Gidan sama ne, hawa na uku, ƙasar da ke cikinsa duka ba ta wuce ta tukunyar fulawa ba. A gidanmu na Unguwar Dosa kuwa, 'ya'yana uku duk an binne tasu a tsakar gida, a gindin bishiyar lemon tsami. Shi ya sa ko ruwan wanke-wanke ban taɓa bari an zuba a wurin ba.

Ina ɗaura mayafi sai Anti ta jawo ni kicin ta tura ƙofa. Ta damƙa mini ɗan gwangwanin man zafi, irin ƙaramin nan da ake sawa a jaka. Na buɗe, na ga auduga. A cikin audugar cibiyar Abba ce da ta faɗi, ta bushe ta yi baƙi.

Ta ce, "Umma, shi Dokta ya ce camfi ne, ban yi masa musu ba. Ki sa ta kusa da tawa. Ban san ranar da za mu dawo ba, ban san ma ko yaron nan zai ji Hausa ba. Amma dai a san ɗan gidan ne."

Na kau da kai, don ba a yi wa 'yar fari kuka a fuskarta. Na tura gwangwanin can ƙasan jakar hannuna, na ja zif. Na sumbaci goshin angona, na ce masa na sake shi sai ya yi haƙora.

Surukina ya ja mu a motarsa zuwa Manchester, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. Yayyafi ake yi irin nasu, wanda ba ya jiƙa ƙasa sai rai. Tsakanina da shi ba wata hira, daga "Umma, sanyin ya yi yawa?" sai "A'a, ya yi daidai." Nabila ce ta cika motar da surutu, tana lissafa ƙawayen da za ta ba tsaraba da waɗanda ta ce ba su cancanta ba.

Filin jirgin Manchester

Akwatuna sun wuce awo da ƙyar, bayan mun fitar da takalma biyu da kwalbar man girki da Anti ta cusa ban sani ba. Matsalar a wurin bincike ta same ni. Jakar hannuna ta shiga na'ura, maimakon ta biyo ni sai ta kauce zuwa wani layi. Wata ma'aikaciya, farar mace mai kamar shekaruna, ta sa safar hannu ta fara fito da kayana ɗaya bayan ɗaya: carbi, tabarau, dabino, sai gwangwanin.

Ta ce ai mai da man shafawa a leda ake sa su daban. Na ce ba mai ba ne. Ta ce to mene ne?

Shekara ashirin da wani abu ina koyar da Turanci, amma a nan Turancin ya gudu ya bar ni. Nabila ta leƙo, ta gane abin da ke ciki, ta ja baya kamar ba tare muke ba. Matar ta buɗe, ta ɗaga audugar. Na gaya mata gaskiya: cibiyar jikana ce, zan kai ta gida in binne a inda ta uwarsa take.

Ta daɗe tana kallon abin. Na riga na fara shirya yadda zan roƙe ta, sai ta mayar da audugar yadda take, ta rufe murfin da kyau, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce tata mahaifiyar ma ta ajiye tata a akwatin ɗinki har ta rasu. Ta yi mana fatan sauka lafiya.

Da muka wuce Nabila ta ce, "Umma, wallahi kin ba ni kunya."

Na ce, "Taki ma tana nan a gindin lemo, ki je ki ji kunyarta."

Istanbul

Jirgin ya ɗauki kusan awa huɗu. Abincin da suka ba mu na ci burodin na bar sauran, Nabila ta cinye nata da nawa. Mun sauka da la'asar ɗin ƙasar, da ɗan lokaci a hannunmu kafin jirgin Abuja. Filin jirgin nan ba a tafiya a cikinsa sai da guzuri, tun daga inda aka sauke mu har ƙofar da za mu shiga gwiwoyina sai da suka yi magana. Na sayi shayi kofi ɗaya, na yi kuskuren juya kuɗin zuwa naira, shayin ya fita daga raina.

Muna zaune cikin 'yan kasuwar Kano da ke komawa da manyan jakunkuna, Nabila ta samu intanet. Ina ganinta tana danne dariya tana kare wayar da hannu. Yarinyar nan cikinta ba ya riƙe magana, tun tana ƙarama haka take.

Na ce, "Mene ne?"

"Ba komai. Yaya Sadiq ya ce kada a gaya miki."

Na karɓe wayar. Sadiq ɗana ne na biyu, yana karatu a Zariya, ya leƙa gida jiya ya ɗauki hoto ya tura wa 'yan'uwansa. Tsakar gidana ce. Ga tulin yashi, ga tsakuwa, ga buhunan siminti an jera a barandata. A ƙasa ya rubuta cewa Baba zai zuba kankare a tsakar gida gaba ɗaya, a bi da tayil, kafin Umma ta dawo, don ta huta da taɓon damina.

Gaba ɗaya, in ji shi. Na san mijina. Ma'aikacin gwamnati ne da ya kusa ritaya, in ya ce gaba ɗaya, ko ramin tururuwa ba zai tsallake ba. Kuma laifina ne ta wani gefen, don duk damina sai na yi mitar taɓo har ya haddace.

Na kira shi. A Kaduna an sauko daga Juma'a ke nan.

"Malama, kun sauka lafiya?"

"Muna Istanbul. Alhaji, wane aiki ake yi a gidan?"

"Wa ya ce miki ana aiki?"

"Siminti na gani."

"To, siminti ai ba baƙo ba ne a Kaduna."

"Ko me za a yi, don Allah kada a taɓa gindin lemon nan."

"Lemon da rabonsa da 'ya'ya tun bara? Saiwarsa ta tsaga katanga. Ki bari ki iso tukuna, za ki gani."

Abin da ya kamata in faɗa yana bakina. Amma ga Nabila a dama, ga alhazan Kano a hagu sun yi tsit kamar ba sa ji, kuma shekara talatin ni da shi ba mu taɓa zama mun yi maganar haihuwar yarinyar nan ba, balle abin da aka binne mata. Ta ina zan fara, a cikin taron maza, a ƙasar Turkawa? Ina cikin nemo kalma ya ce ga wani ya yi sallama, ya kashe.

Na koma gefe, kusa da banɗakin mata, na yi masa saƙon murya na faɗi komai. Na san aikin banza nake yi. Alhaji ba ya buɗe saƙon murya, cewa yake wanda ke da magana ya kira. Na sake kira, waya a kashe. Na kira Sadiq ya ce, "Umma, ni ina Zariya, kuma kin san Baba."

Sai na tuna da Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, 'yar Kagoro, tsohuwar nas. Tare muka yi goyon yaranmu, ita ta fara yi wa Nabila wanka ma. Ita ban ɓoye mata komai ba.

Ta ce, "Kai, Maman Sadiq. Mu ma a gida haka muke yi, ba a wasa da wurin. Yanzu ina coci wajen koyon waƙa, sai dare zan koma. Da sassafe zan shiga, ki kwantar da hankali."

Kwantar da hankali a bakin wani yake da sauƙi. Aka kira jirginmu.

Abuja

Awa shida da wani abu muna sama, ban runtsa ba. Na kunna taswirar da ke gaban kujera ina kallon ɗan jirgin nan yana rarrafe a kan hamada, kamar in sa yatsa in tura shi. Jakata tana kan cinyata. Ma'aikaciyar jirgi ta ce in sa ta a ƙasa, na sa, tana juya baya na ɗauko.

Mun sauka wajen sha ɗayan dare. Ana buɗe ƙofa iskar gida ta bugo ni, ɗumi da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, duk da halin da nake ciki sai da na ji daɗi. Jami'in da ya buga mana hatimi ya ce, "Hajiya, barka da dawowa, me aka kawo mana?" Na ce gajiya. Akwatunanmu sun fito cif, ƙanena Kabiru yana jira a waje.

Tun kafin mu fita daga filin na ce masa ko akwai motar da za ta kai mu Kaduna a daren nan. Ya kalle ni kamar na zare.

"Yaya, hanyar Kaduna, da daren nan? Ko gidan ne ke cin wuta sai gari ya waye. Na saya muku tikitin jirgin ƙasa na safe."

A gidansa na Kubwa muka kwana. Matarsa ta ajiye mana tuwon shinkafa da miyar kuka, abin da na yi wata biyu ina mafarki, amma loma uku na yi na tsame hannu.

Kubwa zuwa Rigasa, Asabar

Tashar ba nisa da gidan, amma matar Kabiru ta rantse ba za mu fita ba sai mun sha kunun gyaɗa da ƙosai. Na sha a tsaye. A tasha aka duba tikiti da katin shaida, aka bi akwatuna da na'ura, 'yan dako biyu suka taimaka muka hau. Kujerarmu ta taga ce. Gabanmu wani dattijo ne mai farar hula da zai je ɗaurin aure Tudun Wada, ya ɗora sabuwar babbar rigarsa a kan cinya cikin leda.

Jirgi ya kama hanya. Wanda ya daɗe a ƙasar da ciyawa ma sai an aske ta da inji, idonsa zai yi murna da hanyar nan a ƙarshen damina. Masara ta bushe gemu, dawa ta fi mutum tsayi, duwatsu sun yi kore har wuya. Nabila tana ta ɗaukar hoto za ta tura wa Anti. Ni kuwa wayata nake kallo, layi yana zuwa yana ɗaukewa.

Bayan mun wuce Jere na hango hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen arewa. Na san ba a zuba kankare cikin ruwa. Ban san a fili na faɗa ba, sai ji na yi na ce, "Allah Ka sauko da shi, Ka sa ya wuni."

Dattijon ya dube ni, ya dubi rigarsa. "Hajiya, ɗaurin aure za ni, a waje za a yi."

Na ce, "Allah Ya sa albarka, Baba. Amma yau dai kowa ya roƙi nasa."

Ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya dawo daga Turai yana neman ƙarin ruwan sama ba.

Wajen Rijana wayar ta yi ƙara. Maman Rifkatu ce, muryarta na yankewa.

"Maman Sadiq, na shiga. Lemon kam tun jiya da yamma suka sare, har kututturen sun tono."

Na ce, "Kin gaya masa?"

"Ina zan gaya masa? Leburori sun kai takwas a tsaye, yana tsakiyarsu da hular rana. Na ce Alhaji ina son magana, ya ce Maman Rifkatu in dai Malama ce ta aiko ki, ki ce mata komai na tafiya daidai. Tun da sassafe suka fara zuba kankare ta bakin ƙofa. Amma ga hadari nan."

Layin ya ɗauke. Na juya fuskata wajen taga don kada Nabila ta gani. Lemon nan ba don 'ya'yansa nake son sa ba. Lokacin da na haifi Anti mahaifiyata ta riga ta rasu, ba gidan da zan je wanka, sai gwaggon Alhaji ta zo ta zauna da ni. Daga asibiti aka ba shi mabiyiyar a leda, gwaggo ta wanke, shi ya fita da ita da sassafe ina kwance. Ranar da na fara leƙa tsakar gida na ga sabuwar ƙasa a tone, an dasa ɗan lemo a kai. Ban tambaya ba, shi ma bai ce ba. Na ce a raina ashe mutumin nan yana da zurfin ciki, alama ya sa. Tun ranar nake ba bishiyar ruwa da hannuna.

Ruwan ya same mu kafin mu ƙetare kogin Kaduna, wanda ya cika ya yi jajir. Na yi hamdala. Dattijon ya ce, "To Hajiya, taki aka karɓa." Kafin mu tsaya a Rigasa ya ɗauke kamar an rufe famfo, rana ta buɗe. Ya ce, "Af, ashe raba mana aka yi."

Rigasa zuwa Unguwar Dosa

A bakin tasha direbobi suka yi mana ca. Na zaɓi wani mai tsohuwar mota saboda shi kaɗai ne bai ja mini akwati ba. Ya faɗi kuɗi, ban taya ba, har ya juyo ya sake kallona.

Na ce, "Malam, sauri nake."

"Hajiya, kowa a garin nan sauri yake, titin ne ba ya sauri."

Gaskiya ya faɗa. A Bakin Ruwa wata tirela ta gitta, masu Keke da 'yan acaɓa suka cushe ta kowane gefe, kowa na danna ham kamar shi zai ɗaga ta. Muka tsaya cak. Mai gasa masara ta leƙo da kwanonta, Nabila ta sayi biyu tana ci tana cewa wannan ita ce rayuwa. Na ji kamar in fita in tafi a ƙasa. Direban ya ga ina ta duba agogo ya ce ko mara lafiya ne a gida. Na ce a'a, kankare ne. Bai sake tambayata komai ba.

Da hanya ta buɗe muka bi titin baifas, muka yanke ta Kurmin Mashi, muka faɗo Unguwar Sarki. Wata biyu kacal, amma an buɗe sabon shagon magani, an rushe rumfar mai lemo da ayaba da nake tsayawa. A kwanar layinmu yara suka gane mu suka biyo motar da "Oyoyo Malama". Idona yana kan ƙofar gidana, inda na hango baro a kife da buhunan siminti, duk babu komai a ciki.

Gida

Katako aka shimfiɗa daga ƙofa zuwa baranda, a kansa ake takawa. Dama da hagu kankare ne ɗanye, sumul, yana sheƙi. Ruwan bai hana su komai ba, leda suka rufa har ya wuce. Inda lemona yake ba ko alama, sai sawun cokalin magini.

Alhaji yana tsaye a baranda da hular ranarsa, hannu a baya, fuskarsa cike da fara'ar wanda ke jiran a yaba masa. Ya rame kaɗan, abincin gidan yayarsa da yake ci tun tafiyata bai karɓe shi ba.

"Sannunku da hanya. To Malama, ina taɓo?"

Na gaishe shi yadda ya kamata, don ko raina a ɓace yake ban taɓa tsallake gaisuwa ba. Nabila ta shige ciki da gudu, leburori suna waje suna wanke ƙafa. Mu biyu muka rage. Abin da na kasa faɗa a Istanbul ya fito da kansa.

"Alhaji, ka rufe yaran. Duk su ukun suna ƙarƙashin nan, ka zuba musu kankare. Ga shi an ba ni amanar cibiyar jikanka in sa kusa da ta uwarsa, yanzu me zan ce mata?"

Na ciro gwangwanin na buɗe. Ya leƙa. Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya dubi abin, ya dubi inda nake nunawa, ya sake dubana.

"A gindin lemo?"

"A ina kuwa?"

Ya ce in biyo shi. Muka bi katako har ƙarshen baranda, muka zaga ta lungun da ke bayan ɗakina, inda ba na shiga sai in zan shanya tabarma. Nan ma an zuba kankare, amma daidai ƙarƙashin tagata an kewaye wani wuri da bulo, faɗinsa bai wuce dardumar sallah ba. Jar ƙasa ce a ciki, ruwan ɗazu ya jiƙa ta.

Ya ce, "Nan suke. Gwaggo ta ce bayan ɗakin uwa ake sawa. Yarinyar nan tana nan ta jikin bango, Sadiq a tsakiya, auta a nan. Tun kafin a sauke yashi na ce wa magini wurin nan ba nasa ba ne."

Na ce, "To lemon fa? Na fito na ga sabuwar ƙasa."

"Lemo? A ofis aka raba mana dashe a makon, kowa ya ɗauki ɗaya."

Na tsaya ina kallonsa. Shekara talatin ina korar yara daga gindin bishiya, ina hana zuba ruwan wanki, ina faɗa da duk mai aikin da ta jingina tsintsiya a wurin. Nan kuwa, inda suke da gaske, nan nake kaɗe tabarma.

Na ce, "Kana gani ina ba shi ruwa kullum, ba ka taɓa cewa komai ba?"

"Na ɗauka lemo kike so. Ai kuwa mun sha."

Dariya ta zo mini tare da kuka, ban san wanda ya riga ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya cire hular ranar, ya naɗe hannun riga, ya je ya ɗauko 'yar fartanyarsa da kansa, bai kira lebura ba. Ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ciwo, ya haƙa ɗan rami ta jikin bango, dab da inda ya nuna da farko. Na juye masa audugar a tafin hannu. Ya yi bisimilla ya sa, ya mayar da ƙasa, ya danna da hannunsa. Ya daɗe a durƙushe.

Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Yarinyar nan, tana lafiya dai?"

"Lafiya lau take."

"Takwaran nawa fa, da wa yake kama?"

Na ce, "Da mai taurin kai."

Da yamma na kira Leeds. Ban yi dogon bayani ba, na ce mata an sa, kusa da taki, kuma mahaifinki ne ya haƙa. Ina jin angona yana ihu a bayanta. Can ta ce, "Umma, lemon yana nan?" Na ce wannan labari ne mai tsawo, sai ta zo.

Washegari bayan na idar da sallah na cika buta don ba lemo ruwa kamar yadda na saba kafin tafiyata, na fito. Sai da ƙafata ta kai ni tsakiyar kankare na tuna. Na juya na zaga bayan ɗaki.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, mu da ɗan abin da muka ɗauko. Na gode wa Kabiru da matarsa, da Maman Rifkatu da na tayar wa hankali a banza, da baiwar Allahn nan ta Manchester da ta rufe mini murfi da hannu biyu. Alhaji kuma na yaba masa kankarensa, amma sai da na bari ya kwana biyu yana jira.